Kawu Mamuda da Hannuwan da Muka Ɗaga wa Allah

Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, daidai da 16 ga Zulƙida, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran kawuna Malam Mamuda Wakili, wanda mutanen Tungar Nagode ta yankin Garbadu suka fi sani da Akawu. Ya rasu a asibiti a Talata Mafara yana da shekara sittin da tara, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. An kawo shi gida, aka yi masa sutura kafin faɗuwar rana. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma.

Kawu, ni ce Zuhura, ɗiyar ƙanwarka Taibatu. Ka san ban iya magana cikin mutane ba. Kwana bakwai aka yi ana zaman makoki ina rakuɓe bayan ƙyaure, masu gaisuwa suna faɗin alherinka, ni ko “amin” ta kasa fita da ƙarfi. Abin da bakina ya kasa, shi ne na rubuta a sauran shafukan littafina na firamare. Ɗiyarka Yaya Hamdiyya ta ce za ta kai shi inda za a karanta.

Sunan mahaifiyarka aka sa mini, shi ya sa ba ka taɓa kama sunana ba. Tsohuwa kake ce mini tun ina rarrafe. Ranar da na fara tuƙa tuwo duk ya yi gudaji, yara suna turo baki, kai kuwa ka cinye naka tas, ka ce, “Tsohuwa, wanga tuwo har da tsaraba ciki. Gobe ki rage tsarabar.”

Ina da shekara tara Babanmu ya rasu. Bai bar mana komai ba sai gona ɗaya a kan tudu, gabas da gari. Geron gonar nan da wakenta muke ci, ni da Inna da ƙannena uku. Duk shekara in ruwan shuka ya sauka, gonar Inna kake fara kai shanun huɗarka kafin taka. Da aka ce maka kana makarar da kanka, cewa ka yi taka gonar tana da mai gemu, ba za ta yi kuka ba.

Shekara ashirin da shida ka yi kana akawu a wata masaƙa a Kaduna. Da ta rufe ka dawo gida da tabarau da tsohuwar tafireta. Da ita ka riƙa buga wa mutane wasiƙa a ƙofar gida, ta neman makaranta da ta neman aiki, ba ka taɓa karɓar ko goro ba. In ƙarar tafiretar ta tashi, har kaji sun san su kauce.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro ba wannan ba ne. Ina so in rubuta yadda ka tsaya wa gonar Inna, domin waɗanda suka so ƙwace ta sun iya rubutu, kuma sun rubuta nasu labarin da hoto mai kala.

Cikin bazarar 2022 motoci uku suka shigo garinmu. Akwai Turawa biyu na wani kamfanin haƙar zinari na ƙasar waje, da wani Alhaji Nazir da ke yi musu tafinta. Ka tafi kasuwar dabbobi a Bakura ranar, kuma har ka koma ga Allah kana cizon yatsa kan tafiyar nan. Alhaji Nazir mutum ne mai turare da yawa. Haifaffen ƙasar nan ne, ya san zafin ranarta, amma Bature yake riƙe wa lema, shi kansa yana gasuwa yana dariya. Aka tara mu a filin masallaci, maza gaba, mata can baya. Bature ya yi magana mai tsawo, Alhaji Nazir ya fassara ta a taƙaice. Ya ce ƙasa kawai za su ɗan auna, kuma za su haƙa mana rijiyar burtsatse. Aka raba lemo da biskit.

Kowa ya san al'adarmu. Ba a tashi daga taro sai an yi addu'a, ko da cinikin akuya aka zauna yi. Liman Ayuba ya ce a yi fatiha, gari duka ya ɗaga hannu. Na ga wani mai na'urar hoto ya hau bayan mota yana ɗauka. Na ɗauka sha'awa muka ba shi.

Bayan sati biyu aka zo aka kafa turakun siminti masu jan fenti. Huɗu daga cikinsu suka sa gonar Inna a tsakiya. Aka ce alamar awo ce. Muka yi noma a daminar, muka girbe. Da kaka ta wuce sai Alhaji Nazir ya dawo, wannan karon ba lemo. Ya ce kada kowa ya sake shuka a cikin turaku, domin an gama magana, gari ya yarda zai tashi daga gonakin. Ka tambaye shi yaushe gari ya yarda. Ya ce yana cikin takarda. Ka ce a nuna maka takardar. Ya ce ba takardar mutanen ƙauye ba ce.

Sau biyar ka hau mashin zuwa ofishin kamfanin a Mafara. Sau biyar aka ajiye ka kan benci aka ce manaja ya fita. A zuwa na biyar ba ka ko zauna ba. Ka kwafe sunan kamfanin daga allon ƙofa harafi bayan harafi, ka aika wa Yaya Hamdiyya a Sakkwato, inda take aikin jinya, ka ce ta binciko maka shi a intanet. Ka ce duk kamfanin da ke sayar da hannun jari yana da littafin da ba ya iya ɓoyewa, domin kai ma ka buga irinsa shekara da shekaru.

Ta samo shi, ta buga, ta kawo. Shafi ɗari da tamanin ne, Turanci zalla. Kwana huɗu ka yi kana karatu a inuwar darbejiya, kana ja wa layi da jan biro. Rana ta huɗu ka kira Inna da ni ka buɗe mana shafi na sittin da biyu.

Mu ne a ciki, Kawu. Ga Liman Ayuba a gaba ido rufe, ga dattawa, ga mata can baya, har gefen hijabin Inna na gane. Kowa hannu a sama. Ka fassara mana abin da aka rubuta a ƙarƙashi: wai mutanen yankin ne suke ɗaga hannu baki ɗaya don amincewa da barin filayensu. A littafin nan garinmu ba shi da suna, lamba aka ba shi. Gonakinmu an kira su daji mai ciyawa da ba wanda ke amfani da shi, domin sun ɗauki hoton a bazara, lokacin da ko gonar sarkin noma ƙasa ce tsirara. Har hoton rijiyar burtsatse akwai, da yara suna wasa da ruwa. Ban san rijiyar ina ce ba. Mu dai har yau a rijiyar guga muke ja.

Ban taɓa ganin ƙarya mai tsabta irin wannan ba. Takarda fara sol mai sheƙi, mutane masu digiri suka zauna a ɗaki mai sanyi suka shirya ta. Ɓarawon akuya ya fi su mutunci, shi ai ya san sata yake yi, kuma yakan ji kunya in an kama shi. Waɗannan sun saci addu'ar gari guda suka kai kasuwa, suka sa hannu a ƙasa da sunayensu.

Da aka nuna wa Liman Ayuba hoton, tsohon nan ya ƙura masa ido. Sannan hawaye suka zubo masa, ya ce, “Ashe ni na sayar da ku ban sani ba.” Daga lokacin wani abu ya lalace a garinmu. A wurin ɗaurin aure ko suna, in aka ce fatiha sai ka ga mutane suna waige ko akwai mai waya a hannu. Sun sa muna satar kallo kafin mu roƙi Ubangijinmu. Wannan ban yafe musu ba.

Inna ta tambaye ka wa aka rubuta wa littafin, tunda mu ba mu iya karanta shi ba. Yadda ka amsa mata na riƙe shi kamar karatun allo.

Ka ce, “Taibatu, in kin kai saniya kasuwar Talata tana da aibi, mi shari'a ta ce?”

Inna ta ce, “A faɗa wa mai saye.”

Ka ce to haka abin yake. Kamfanin nan ɗan wata ƙasa ne, yana haƙa a tamu, yana sayar da hannun jarinsa a kasuwar wata ƙasa ta uku. Hannun jari kuwa kamar a yi tarayya ne a kan sa ɗaya, kowa da kasonsa. Masu saye a can ba su taɓa ganin san ba, kuma ba za su taɓa zuwa su duba haƙoransa ba. Don haka kasuwar ta ɗora wa baƙon kamfani doka: duk shekara sai ya rubuta inda yake aiki, da abin da ya mallaka, da duk rigimar da ke gabansa. In ya ɓoye ko ya yi ƙarya, akwai hukumar da za ta kama shi, har ta iya korarsa daga kasuwar.

Inna ta yi murna, ta ce ashe akwai masu tausayinmu a can. Ka girgiza kai ka ce, “Kar ki ruɗi kanki. Ba don ke anka yi dokar ba. Da za a binne ki da gonar, ba wanda zai fasa shan shayinai. Abin da ba su ɗauka shi ne a yi musu ƙarya su. To ta wagga ƙofa za mu shiga.”

Na yi ta tunanin maganar nan. Wato a wata ƙasa mai nisa an yi doka don kada a yaudari mai ƙiba da ke zaune yana latsa waya, amma ba a yi ta don macen da ke duƙe da fartanya ba. Duniyar tasu ke nan. Kai ba ka tsaya jin haushi ba, ka jawo tafireta.

Da labari ya bazu cewa Akawu zai rubuta wa hukumar kasuwar Turawa wasiƙa daga Tungar Nagode, dariya aka yi ta yi. A teburin mai shayi aka ce tsufa ya fara taɓa ka. Masu dariyar da ta fi ƙarfi su ne mutum huɗun da suka wayi gari da sababbin mashina ba tare da sun sayar da ko tunkiya ba. Ba zan rubuta sunayensu ba. Sun san kansu, kuma gari ya san ƙarar mashinansu.

Ka bi gida gida da takarda da tawada kana neman shaidar waɗanda suka halarci taron. Mutane suna tsoro, kowa yana jiran wani ya fara. Inna ce ta fara dangwala yatsa, Liman Ayuba ya bi ta. Daga nan ka bi ƙauyukan ɓangaren Maradun da turakun suka shafa, a kan hanyar da matasa ma ke shakkar bi, ƙafafunka kuwa sun riga sun fara kumbura. A can ma ka tarar an yi musu taron lemo da biskit.

Ka karanta mana wasiƙar da Hausa kafin a aika. Ba zagi a ciki ko ɗaya, ni da na so a sa. Ka bayyana musu cewa mai jefa ƙuri'a hannu ɗaya yake ɗagawa, yana kallon mai ƙirga. Mai addu'a kuwa tafi biyu yake shimfiɗawa, kansa a sunkuye. Sannan ka rubuta: “Ba na roƙon ku gaskata ni. Ku nemi Musulmi ko guda ɗaya a garinku, ko mai gadi ne ko direba, ku nuna masa shafi na sittin da biyu, ku tambaye shi abin da mutanen nan suke yi.”

Yaya Hamdiyya ta ɗauki hoton takardun ta aika. Wata biyar shiru. Alhaji Nazir yakan wuce a mota ya sauke gilashi ya ce, “Akawu, Turawan naka sun amsa kuwa?” Kai kuma ka ce, “Gaishe ka da ƙoƙari, Alhaji. A gaida lema.”

Sai ga amsa. Hukumar ta ce ta duba ƙorafin, kuma ta umarci kamfanin ya gyara abin da ya gaya wa masu saye. Gyaran ya fito, layi biyar, da rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Wai hoton ya shiga littafin bisa kuskure. Kuskure! Mutum ya hau bayan mota bisa kuskure, ya ɗauka bisa kuskure, wani ya rubuta masa bayani bisa kuskure, manya suka sa hannu bisa kuskure. Ba su ba mu haƙuri ba. Masu sayen hannun jari suka ba haƙuri, da kalmomi masu taushi. Amma dole ta sa suka ƙara layi ɗaya, cewa akwai jayayya tsakaninsu da mazauna wurin, kuma ba a warware ta ba.

Layin nan ɗaya ya tsayar da motocin haƙa. Ka ce mana masu zuba jari ba sa son gona mai rigima, kamar yadda ba mai son sayen saniyar da mutum biyu ke riƙe da igiyarta. Damina biyu Inna ta yi noma a tsakanin jajayen turakun, muka ci geronmu. Ka gargaɗe mu cewa ba a gama ba. Duk shekara sai sun sake rubuta littafin, kuma muddin mai ƙorafi yana tsaye, dole layin ya sake fitowa. Ranar da aka rasa mai ƙorafi, ranar za su goge shi.

Su ma sun san haka. Da ciwo ya kwantar da kai, Alhaji Nazir ya zo dubiya da kwandon lemo. Ina kawo ruwa na ji yana cewa kamfani zai kai ka babban asibiti a Abuja, a yi maka wankin ƙoda har ka warke. Hannu kawai za ka sa cewa an sasanta. Jikinka duk ya kumbura a lokacin, numfashi ma da ƙyar. Na tsaya da kofi a hannu, kuma ba zan ɓoye maka ba, Kawu, a raina cewa nake ka sa hannun. Ka dube shi ka ce, “Alhaji, in na warke mi zan ci? Geron na gonar da kuke so ne. Ɗauki lemonka, tun na farko bai gama sauka ba.”

Bayan kwana goma sha tara ka rasu.

Ranar sadakar uku Alhaji Nazir ya dawo, da buhun shinkafa da farar takarda. Ya zauna a zaure cikin dattawa ya yi gaisuwa mai tsawo, har da share ido, duk da ban ga abin da ya share ba. Ya ce Akawu mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. Sannan ya ce littafin bana zai fita wata mai zuwa, kuma tunda rigimar ta marigayi ce shi kaɗai, ya kamata iyali su sa hannu cewa ta bi shi kabari, kowa ya huta. Ko ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. Wasu dattawa suka sunkuyar da kai, masu mashina suna gyaɗa nasu.

Ka san Inna. Tun da nake ban taɓa jin muryarta ta kai zaure ba in akwai maza. Tana tsaye bayan labule, ina riƙe da gefen zanenta. Sai ta yi gyaran murya.

Ta ce, “Alhaji, mun gode da gaisuwa. An ce dokar can ta tilasta muku faɗin gaskiya, ko?”

Ya ce, “Haka ne, Hajiya.”

Ta ce, “Ban je Makka ba tukuna. To ga gaskiyar da za ku rubuta musu. Ku ce Mamuda ya rasu ran Laraba. Ku ce ƙanwarsa Taibatu mai gonar tana nan da ranta, kuma tun jiya Hamdiyya ta aika wa hukumar can da sunana a madadin nasa. Shinkafar kuma a mayar masa mota, gidanga gero muke ci.”

Liman Ayuba da kansa ya kama kunnen buhun, da tsufansa, har sai da samari suka karɓe shi. Alhaji Nazir ya naɗe takardarsa ya fita, ya bar mana ƙamshin turare, shi ma kafin la'asar ya watse.

Ban san yadda za ta ƙare ba, Kawu. Turakun suna nan. Inna ba ta iya karatu ba, ni kuma Turancina bai wuce na aji shida ba. Amma layin nan zai sake fitowa a littafin bana, ko suna so ko ba sa so, kuma in ruwa ya sauka za mu shuka.

Ya Allah, ga bawanka Mamuda ya zo maka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ya zaɓi ciwo a kan ya sa hannu a ƙarya, Ka ba shi littafinsa a hannun dama. Ka sada shi da mahaifiyarsa da Babanmu a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Goggo Ummu Hani, da Yaya Hamdiyya da ƙannenta, da Liman Ayuba, da duk waɗanda suka dangwala yatsa a Tungar Nagode da ƙauyukan Maradun, da abokansa na kasuwar Bakura da suka zo jana'iza. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Inna kuma, wadda ta rasa wanta kuma ta gaji shari'arsa a sati ɗaya, Allah Ya ƙarfafa mata gwiwa. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Zuhura Auwalu
Tungar Nagode, Garbadu